Abin da Lallena Ya Rufe

Ku da kuka cika min waya da saƙo, wai "Rauda ki ji tsoron Allah, Dakta guda ya zo har gida kina yatsina," na karanta duka. Har da na baiwar Allahn da ta ce in ba na so in turo mata lambarsa. Ki kwantar da hankalinki 'yar'uwa, ki karanta na yau tukuna. In kin gama kina nan a kan bakanki, wallahi har kwatancen gidansu a Kebbe zan yi miki.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Rauda Almustapha, 'yar Tambuwal. Lissafi na karanta a Sakkwato, digiri na farko da na biyu, kuma ɓangarena shi ne lissafin da kwamfuta ke tsaye a kansa. Kar ki kawo min wayarki wai ta ƙi kunnuwa, ban iya ba. Mu aikinmu mu riƙe alli mu gano abin da kwamfuta za ta iya warwarewa da wuri, da wanda ko za ta shekara dubu tana zufa ba za ta iya ba, sannan mu kafa hujjar da ba mai ture ta.

Bari in ba ku misalin da na ba Innata. Biki ake, mata sun cika gida, wance ba ta ga maciji da wance. Tabarma nawa za ki shimfiɗa, mafi ƙaranci, yadda masu gaba biyu ba za su haɗu a kan guda ba? In mata goma ne da ido za ki raba su. In miliyan ne fa, kowace da nata abokan gabar? Akwai wani nau'in wannan tambayar da masana suka daɗe suna zargin yana da gajeriyar hanya, amma ba wanda ya kawo hujja. Shekara biyu ina fama da shi. Da Inna ta gama saurare sai ta ce, "In dangin ubanki na, ki ba kowace tabarmarta ki huta."

Ku riƙe wani abu game da Inna. Ni ce 'yar farinta, kuma irin matan nan ce masu alkunya ta gaske. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke." "Wagga." In ta ji daɗina ƙwarai, "ɗiyar Malam." Ko wata Raudar ce ta shigo gidanmu, Inna sai dai ta ce mata "mai sunan wagga." Ban taɓa jin haushi ba, a haka na tashi.

To, Dakta.

Dakta Jamaluddeen Ɗanmaliki, ɗan Kebbe. Ba zan rage masa komai ba, ya yi karatu. Shi ya fi kowa a ajinsu a jami'a, aka riƙe shi malami, ya tafi Turai ya yi digirin dakta, ya dawo. Takardarsa ta farko ta bincike kyakkyawa ce, da ita aka koyar da mu. Sai dai tun daga ita sai tarkace yake fitarwa, irin wanda za ki karanta ki ce kamar na taɓa ganin wannan, ashe wancan ne aka sauya wa riga. Ga shi ya rantse sai ya zama farfesa kafin ya cika arba'in, kuma arba'in ɗin ta kusa.

Ba ya iya jimla uku bai ce "lokacin da nake waje" ba. Ki miƙa masa ruwan randa, "lokacin da nake waje." A zafin Tambuwal, watan da ƙadangare ma ke neman inuwa, bawan Allahn nan zai zo zance da shadda mai sitaci, ya naɗa wani mayafin ulu a wuya, ga jakar kwamfuta a kafaɗa wadda ban taɓa ganin ya buɗe ba. Gwaggo Safiyyatu, ƙanwar Babana da ta yi aure a Kebbe, maƙwabciyarsu, ita ta haɗa mu. Har yau "likitan kwamfuta" take ce masa. Ta taɓa kai masa rediyonta ya gyara, ya riƙe shi wata guda ya mayar mata yadda yake, ta ce ai tun da hannunsa ya taɓa shi ya fi kama tasha.

Za ku ce to me ya kai ni? Na so shi. Na faɗa, ku yi dariyar. A duk faɗin garin nan shi ne namiji na farko da na yi wa maganar aikina bai yi hamma ba. Sauran masu zuwa, da na fara sai su ce, "To in an yi aure ai sai a ajiye wannan." Shi kuwa sai ya gyara tabarau ya ce, "Ci gaba, ina jin ki." Wannan "ina jin ki" ɗin ita ta cuce ni.

A zauren gidanmu akwai allo. Baba tsohon hedimasta ne, shi ya sa aka shafe rabin bango da siminti aka baƙanta shi, tun muna yara yake mana darasi a nan. A kan wannan bangon nake aikina, kuma a nan muke zance da Dakta bayan la'asar.

Ranar da hujjar ta fito min, tuwo nake tuƙawa. Na saki muciya na ruga zaure, na yi ta rubutu har tukunya ta kama, Inna na ƙwala min "Ke! Ke!" ban ji ba. Na cika allon tun daga sama har inda sai na durƙusa, da ƙananan haruffa don wuri ya isa. Da na gama na zauna a ƙasa na yi kuka. Akwai wata farfesa a ƙasar waje da muke musayar saƙo, ta ce min in na kawo sakamako guda nawa na kaina za ta ɗauke ni digirin dakta. Ga shi a bango. Da Baba ya shigo ya tsaya yana kallo, bai gane ko layi ɗaya ba, amma ya ce, "Malama ƙarama, kowa yat taɓa allon ga ni da shi."

Kwana biyu bayan nan Dakta ya zo sallama, zai koma Turai ziyarar bincike ta wata uku, in ya dawo a sa rana. Na sha lalle ja da baƙi har gwiwar hannu, na sa atamfa ruwan goro da mayafi ruwan madara, na kawo masa kunun aya mai sanyi. Sai rawar kai ta ɗebe ni, na ce, "Dakta, dubi bango."

Ya duba. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya tashi tsaye. Na fara yi masa bayani daga sama, yana gyaɗa kai, kunun aya na hucewa. Ban kai tsakiya ba ya ce, "Tsaya haka. Kai, wannan lalle! Ɗora hannunki a kan allon in ɗauke shi, baƙin zai fito da shi sosai. Shi zan riƙa kallo a can."

Ni kuma sakarya na ɗora. Na baza yatsu, na karkatar da kai, har da murmushi. Ya ja baya, ya ƙara ja baya, har ya kusa fita zauren. Ko a raina ban ce wane irin hoton lalle ne ake ɗauka daga bakin ƙofa ba. Ana haka aka kira magariba, Baba ya fito zai tafi masallaci, zance ya tashi.

Bayan wata biyu ina tsintar shinkafa saƙon Madina ya shigo. Ƙawata ce tun aji ɗaya, yanzu tana koyarwa a sashenmu.

"Amarya ba ki faɗa mana ba! Angonki ya warware matsalar tabarmi, sashe ya ɗauka gaba ɗaya."

Ta turo min takardar. Ya sa ta a shafin da masana ke baje sabon aiki, ya kuma aika wa babbar mujalla. Na buɗe. Suna guda ne a sama, J. Ɗanmaliki. Na gangara. Jama'a, bangon Babana ne. Layi bayan layi, har da wani harafi da nake yi wa ƙugiya don kar ya rikice min da ɗan'uwansa, shi ma an yi masa ƙugiyar. Na kai shafin ƙarshe, wurin godiya. Ga abin da ya rubuta: yana godiya ga wata ta musamman, wadda kunun ayarta ya sanyaya masa rai a lokacin wannan aiki.

Kunun aya! Shekara biyu na rayuwata, kunun aya.

Na rubuta masa, "Dakta, na ga takarda. Ina sunana?"

"Raudata, kin duba shafin godiya kuwa?"

"Na duba. Na ce ina sunana?"

Ya yi ta rubutu yana gogewa. Can sai ga shi: "Ke ma kin san al'adar fanninmu, bisa jerin haruffa ake sa sunaye, ba a duba babba ko ƙarami. Almustapha zai zo gaban Ɗanmaliki. Ki yi tunani, mutanen Kebbe su ga sunan mace a gaban nawa, tun ba a ɗaura ba? Kuma sunanki ya riƙa yawo a bakin maza a duniya? Kunya nake miki, kishinki nake. In na zama farfesa ai ke ce matar farfesa."

Na ja tsakin da sai da kaji suka watse. Mutumin da ya shekara shida a Turai yana gaisawa da mata hannu da hannu, yau shi ne mai alkunya. Ban san lokacin da aka mayar da sata kishi ba.

Madina ta ce in fito in yi magana. Da wace shaida? Shi Dakta ne, ya riga ni fitarwa. In na kai wa farfesar nan wannan aikin yanzu, ni ce mai kwafa. In bai sa sunana da hannunsa ba, ko bai amsa a gaban mutane ba, shekara biyun nan sun tafi, karatun ma ya tafi.

Da na kai ƙara cikin gida, Gwaggo Safiyyatu na nan ta zo daga Kebbe, ta baje a tabarma tana ba da labarin walimar da aka yi a can. Wai an yanka rago, an buga hotonsa a ƙyalle an rataya a ƙofar gida, ɗan Kebbe ya gagari Turawa. Ta saurare ni baki a buɗe, sannan ta tafa hannu.

"Yau ni ga ikon Allah! To mi kika so? A rubuta sunanki jikin nashi kamar katin biki, tun ba a sa rana ba? Ke ba ki da ta ido? Abin miji ai na mata na. Mu da munka yi aure, wa yas san sunanmu? Ni mijina har yam mutu 'ke' shika ce min, mi yar rage ni?"

"Gwaggo, aikina ne ya ɗauka."

"Zanen alli? Don zanen alli za ki kori likita? Shekarunki nawa yanzu? Sa'o'inki na da ɗiya uku-uku, ke kina nan kina rabon tabarmi ga matan da babu su!"

Na juya wajen Inna. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ke, ki bari. Ba a jayayya da miji kan suna."

Wannan ta fi min ciwo fiye da duk haukan Gwaggo. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Baba kuwa ba wanda ya gaya masa, ni ma nauyinsa ya hana ni.

A daren, kai, ba dare ba ne, da hantsi ne washegari, na sake buɗe takardar don in ƙara wa kaina baƙin ciki. Na bi ta a hankali. Da na kai tsakiya na tsaya. Akwai wani mataki, 'yan layuka ne kawai, amma su ne ƙashin bayan hujjar, su suka cinye min shekara guda cikin biyun. Babu su. A wurinsu Dakta ya rubuta, "Wannan mataki a bayyane yake."

Ku da ba 'yan lissafi ba, bari in gaya muku sirrinmu. In malamin lissafi ya ce abu a bayyane yake, ko dai da gaske yaro ma zai gani, ko kuma shi kansa bai sani ba yana fatan kar a tambaye shi. Na nemo hoton da ya turo min tun yana filin jirgi, mai rubutun "lallen da ya hana ni barci." Na buɗe shi sosai. Ga hannuna a baje a tsakiyar allo, ga gefen mayafina ya zubo. Daidai kan layukan nan.

Wallahi na yi dariya har da riƙe ciki. Girman kai ya hana shi tambayata, don in ya tambaya zan gane. Ya ɗauka abin da yarinya ta iya, shi zai cike shi a cikin jirgi.

Masu tantancewa na mujallar ba 'yan Kebbe ba ne, ba a yi musu walima ba. Madina ta jiyo a sashe cewa sun mayar masa da takarda, sun ce matakin nan ba a bayyane yake ba, ya kawo hujja cikin ɗan lokaci ko ya janye. Ga shi ya riga ya sa ta a cikin takardun neman farfesa. Sai saƙonni suka fara sauka.

"Raudata, ya gida? Ina kewarki."

"Kin tuna ɗan abin nan na tsakiya? Tuna min, kaina ya yi zafi."

"Ko ki ɗaukar min hoton allon, ina son ganin rubutunki."

Na amsa masa, "Ai a shafin godiya nake, Dakta. In kunun aya kake so a dama."

Ana saura kwana kaɗan ya dawo, Gwaggo ta sauka da bokitin fenti. Wai manyan Kebbe za su zauna a zauren nan ranar sa rana, ba za su tarar da bango baƙi ƙirin da zane-zane kamar ɗakin boka ba. Ta jira Baba ya tafi ta'aziyya Sanyinna. Mai fentin bai zo ba, sai ta sa Inna. Ina tsaye ina kallo Innata ta ɗaura zani a ƙirji ta shafe shekara biyuna da fari. Da ta zo tsakiya ta ɗan dakata, ta dube ni, sannan ta ci gaba. Baba ya dawo ya yi faɗa, amma aikin gama ya gama.

Ranar da Dakta ya sauka ko Kebbe bai je ba. Daga Sakkwato ya zarce gidanmu, babu mayafin ulu, hula a karkace. Ya faɗo zaure da rabin sallama, ya tsaya. Fari tas. Har ya kai hannu ya shafa bangon, ya kankara da farce.

"Wa ya yi wannan?"

"Don danginka aka yi, Dakta. Ka ga yadda muke girmama ku."

"Rauda, ki bar wasa. Kin san abin da ke wurin."

"Na sani."

"To faɗa min."

"Sa sunana."

Ya zauna, ya tashi. Ya ce a takarda ta gaba zai sa ni. Ya ce zai kai ni waje. Ya ce ni yarinya ce, ban san yadda jami'a take ba, mata nawa ne suka yi dakta suna zaune ba miji. Daga ƙarshe ya nuna ni da yatsa ya ce, "In an sa rana ai dole ki faɗa." Na ɗauke kofin kunun ayata na shige gida.

Ranar sa rana ta zo, Asabar. Tun safe gida ya cika da ƙamshin waina da miyar taushe. Motoci biyu daga Kebbe, da goro da alawa da tabarmi sababbi. Maza suka zauna a farin zaure da Baba, mata suka shigo ɗakin Inna. Ni ina uwar ɗaka, labule kawai ke tsakaninmu, na sha leshi ruwan hoda da Gwaggo ta tilasta min. Sai Madina da ta zo taya ni zama ta leƙa taga ta ce, "Ke, ango fa na waje cikin mota." Kun taɓa jin inda ango ya biyo iyayensa sa rana? Mai alkunya ke nan.

Wayata ta yi ƙara. "Yau ce ranar ƙarshe da suka ba ni. Ki turo kafin la'asar, komai ya wuce." Na kife ta.

Babbar yayarsa, Hajiya Ruƙayyatu, ita ta jagoranci matan. Mace mai jiki, zobe a kowane yatsa, tana magana tana kaɗa mukullin mota. Bayan an gaisa an ci an sha, ta dubi Inna, ta gyara murya yadda za ta ratsa labule.

"To, Hajiya Atu, akwai 'yar magana. Dakta ya ce akwai wani ɗan karatu nashi da yab bar wa yarinyag ga ajiya, yana koya mata, ta riƙe ta hana shi. Mu ba mu son a fara da haka. Gidanmu ba a san ɗauke-ɗauke ba. Ta mayar mishi da abinshi yau, sai a sa rana cikin daɗin rai."

Gwaggo ta karɓe, "Ƙuruciya ta, Hajiya. Yanzu za ta ba shi. Ke! Fito ki ba mutane haƙuri."

Na miƙe, Madina ta riƙe min hannu. Wato ni ce ma ɓarauniyar. Na buɗe baki ke nan sai na ji an ajiye faranti a ƙasa da ƙarfi.

Inna ce. Innata da ko a gidan suna ba a jin muryarta.

"Hajiya, mi kinka ce? Ajiya?"

"Haka Dakta yac ce."

"To Dakta ya yi ƙarya."

Gwaggo ta ce, "Atu! Surukai na fa!"

"Na san ko su wa na. Bangon ga ni nis shafe shi da hannuna, kuma na san hannun da yar rubuta shi. Shekara biyu nika cin tuwo da ƙauri saboda shi. Alli ya cinye mata yatsu, ni ka shafa mata man kaɗe. Randa ɗanku yaz zo ina bakin ƙofa, da idona nig ga ya ja baya yana ɗaukar bango, wai lalle. Na yi shiru, na ce mata ta bari, don ina ganin suna ba komi na ba. Ashe in ka bar sunanka, wani suna za a ba ka. Yau ga shi an ce mata mai ɗauke-ɗauke, cikin ɗakina."

Ta tashi tsaye, ta yaye labulen, ta nuna ni.

"Wagga da kuka gani, sunanta Rauda. Rauda Almustapha. Aikin nata na. Haka za a rubuta, ko ku kwashe goronku."

Jama'a, ban san Inna ta iya furta shi ba. Ashe haka yake fita a bakinta, a hankali, tana ɗan jan farkonsa. Shekara ashirin da bakwai ina jiran abin da ban ma san ina jira ba. Na durƙushe a wurin, kwalli na bin kumatuna. Gwaggo na salati, Hajiya Ruƙayyatu na neman takalmi, mukulli ya faɗi ba ta ma sani ba.

Tsakanin ɗakin Inna da zaure taku kaɗan ne, maza sun ji komai. Muka ji muryoyi sun tashi, aka buɗe ƙofar mota, aka rufe. Can sai muryar Baba daga bakin zaure, irin wadda yake tsayar da taron ɗalibai da ita.

"Malama ƙarama! Zo nan. Ga Dakta na sa an shigo da shi, ya ce nashi na. Uwarki ta ce naki na. Ni ban san lissafinku ba, amma na shekara talatin ina raba gardamar 'yan aji, kuma hanya guda nis sani. Kowa shi zo allo."

Gwaggo ta ce, "Yaya, a gaban baƙi? Bangon ma fari na, alli ba shi kamawa!"

Inna ta fita tsakar gida. Ta nufi murhu, ta tona toka, ta zaɓo gawayi biyu masu kyau. Ta kama hannuna ta zuba min, ta goge min fuska da bakin zaninta.

"Guda naki, guda nashi. In kin je ki fara da sunanki, Rauda. Babba."

Wayata ta sake ƙara a hannun Madina. Ta nuna min. "Don girman Allah ki rufa min asiri. Ki ce kin manta. Zan gyara komai bayan biki."

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta motsa. Na tuna mutumin da ke cewa "ci gaba, ina jin ki." Na san in na shiga zauren nan da gawayin nan, babu sauran sa rana, kuma gobe duk Tambuwal da Kebbe ni za a ci da baki. Na gyara mayafi, na yi sallama.

Dattawan Kebbe sun jeru a kan tabarmi, goro a tsakiya ba wanda ya taɓa. Dakta na rakuɓe a gefe, zufa ta jiƙa masa wuyan shadda. Na gaida kowa a durƙushe. Na tashi na je bangon da Gwaggo ta faranta musu, na miƙa hannu iya tsawona, na rubuta sunana daga wannan kusurwa zuwa waccan. Gawayin na ƙara, baƙin gari na zubo min a leshi, ban damu ba.

Sannan na dawo gaban Dakta, na durƙusa kamar yadda aka koya min, na miƙa masa nasa gawayin da hannu biyu.

"Bismillah, Dakta, babba shi ke farawa. Ɗan abin nan na tsakiya kawai za ka rubuta mana. Ai ka ce a bayyane yake."